Yadda ake karanta allon mamatan yaƙi a majami'un Wales, da yadda ake gano masu sunayen

Aikin kula da tsofaffi ne ya kai ni arewacin Wales, kuma wata tsohuwa da nake yi wa hidima ce ta fara shigar da ni majami'ar ƙauyensu. Nain nake ce mata, wato kaka a bakin mutanen arewacin ƙasar. Ƙafa ta gaza mata, ga shi ɗaya daga cikin makullan ginin yana hannunta tun rasuwar mijinta, don haka duk Asabar nakan tura ta a kekenta mu je ta duba ko rufi ya yi yoyo. Ni Musulma ce, da hijabina nake shiga, kuma ba wanda ya taɓa yi mini kallon banza. Ranar farko ta sa na tsayar da keken a gaban wani allon tagulla da ke manne da bango, hagu da mumbari. Sunaye goma sha ɗaya ne a jikinsa. Ba ta karanta su yadda aka rubuta ba. Nuna kowanne ta riƙa yi da yatsa tana faɗin gidansu: wannan ɗan gonar bayan tudu ne, wannan ɗan mai shagon bakin gada, waɗannan biyun uwa ɗaya uba ɗaya. Da ta zo kan na bakwai sai ta yi shiru, can ta ce, "Wannan ƙanen babana ne, 'yata. Ban taɓa ganinsa ba, amma a ɗakinsa na girma."

Tun daga ranar na ɗauki wannan aiki na kwafe allunan da bin sawun masu sunayen. Ga yadda nake yi, ko zai amfani ɗan uwa da ke zaune a nan, ko ɗalibi, ko mai son tarihi daga nesa, tunda rabin aikin a intanet ake yinsa, kuma yawancinsa kyauta ne.

Ka fara da sanin inda ka shiga

Mutanen Wales sun bambanta wuraren ibada iri biyu. Akwai eglwys, cocin Anglikan, wadda ita ce ta hukuma har zuwa 1920. Akwai kuma capel, majami'ar waɗanda suka ƙi bin cocin hukuma: Methodist mabiya Calvin, da Annibynwyr masu cin gashin kansu, da Baptis, da mabiya Wesley. Capel gini ne mai kusurwa huɗu, ba yawan ado, mumbari a tsakiya, a ƙarƙashinsa kuma sêt fawr, babban mazaunin dattawa. Sunayen wurare na Littafi Mai Tsarki suka fi ɗauka: Bethel, Salem, Seion, Horeb, Carmel, Moriah, Jerusalem. An gina irinsu sama da 6,000 a ƙasar da faɗinta kusan ɗaya yake da na jihar Kano, har za ka ga ƙaramin ƙauye da uku ko huɗu, kowace ɗarika da tata.

Kafin ka taka ƙofa, ɗaga kai ka dubi dutsen da ke saman ginin. A nan ake sassaƙa sunan capel da shekarar gini, wani lokaci har da ɗarika. In ka ga haruffa biyu M.C., na Methodistiaid Calfinaidd ne, waɗanda yanzu ake kira Cocin Presbyterian ta Wales. Rubuta wannan a shafin farko, domin ɗarikar ce za ta nuna maka jaridar da za ka bincika daga baya. Ka haɗa da sunan ƙauye ma, saboda Bethel kawai ba adireshi ba ne, akwai Bethel ko'ina.

Dalilin da ya sa allunan nan suke da nauyi a zukatan mutane shi ne, tun 1915, ana cikin yaƙin duniya na farko, hukumomi suka hana dawo da gawarwakin sojojin Birtaniya gida. Wanda ya faɗi a Faransa, a Faransa aka binne shi, in ma an sami gawar. Uwa ba ta da kabarin da za ta je ta tsaya a kai. Capel kuwa nan ne yaron ya koyi karatun harshensu, Cymraeg, a makarantar Lahadi, nan ya yi waƙa, nan aka yi masa addu'ar sallama. Shi ya sa jama'a suka yi karo-karo da kuɗin haƙar dutse da na kwal da na noma, suka kafa sunan a inda iyayen za su riƙa ganinsa duk mako.

Yawancin majami'un a rufe suke in ba Lahadi ba. A allon sanarwa na bakin ƙofa akan rubuta yadda za a sami sakatare, ysgrifennydd a harshensu. In babu, ka zo ranar Lahadi ka jira a waje har a tashi, sannan ka gaisa. Bore da shi ne barka da asuba, diolch shi ne na gode, kuma waɗannan biyun kaɗai sun sha buɗe mini ƙofa. Ka faɗi gaskiyar abin da ya kawo ka. In an yi maka tayin shayi a festri, ɗakin da ke maƙale da majami'a, kada ka ƙi, domin a bakin shayin nan ake jin abin da ba ya cikin kowace takarda. Ka kuma yi tambayar nan ɗaya tak: ko akwai wani allo ban da wannan? Sau da yawa akwai. Wani yana cikin kabad ɗin festri, wani a bayan ogan, wato babban kayan kiɗan majami'a, wani kuma na wata majami'ar ce da aka rufe, aka kawo nan ajiya.

Kayan aikina ba su da yawa: littafin rubutu, fensir, tocila, tef ɗin awo, da waya. Hoto uku nake ɗauka. Na farko bangon gaba ɗaya, don a san inda allon yake, na biyu allon shi kaɗai, na uku kuma kusa-kusa, layi biyu ko uku a kowane hoto. Tagulla tana mayar da haske, saboda haka kashe filashin waya ka ɗan karkata gefe. In kuma marmara ce ko baƙin dutsen nan na rufi da arewacin Wales ta yi suna a kansa, kuma rubutun ya fara shafewa, ka kwantar da hasken tocila daga gefe, kusan a jikin allon. Inuwa za ta cika ramin kowane harafi, ka ga rubutu ya tashi. Bayan hoto sai ka zauna ka kwafe komai da hannu, layi bi layi, harafi bi harafi, har da abin da kake ganin kuskure ne. Kada ka gyara wa masassaƙi rubutu. Ka duba ƙasan allon daga kusurwa, a nan maƙerin yakan sa sunansa da ƙananan haruffa. Sai ka auna tsawo da faɗi.

Kalmomin da za ka yi ta cin karo da su

Ba sai ka iya Cymraeg ba, kalmomi kamar ashirin sun isa. Er cof am na nufin don tunawa da, kuma da shi yawancin allunan suke farawa. Y Rhyfel Mawr shi ne Babban Yaƙi, na 1914 zuwa 1918, ko da yake wasu allunan 1919 suke rubutawa, shekarar da aka sa hannu a yarjejeniyar Versailles. Lladdwyd, an kashe shi. Bu farw, ya rasu. O'i glwyfau, daga raunukansa. Syrthiodd ko cwympodd, ya faɗi. Mab, ɗa. Oed, shekarun haihuwa. Bechgyn, yara maza, kuma haka suke kiransu ko da mutum ya haura talatin: yaran majami'ar nan. Ffrainc ita ce Faransa, Gwlad Belg Beljiyam, yr Aifft Masar, ar y môr a teku. Watanni biyu da za ka fi gani su ne Gorffennaf, wato Yuli, da Awst, wato Agusta. A ƙasa akan rufe da aya, galibi Yohanna 15:13, mai maganar cewa babu ƙaunar da ta fi mutum ya ba da ransa saboda abokansa, ko kuma jimlar nan Mewn angof ni chânt fod, wato ba za a bar su a manta da su ba.

Wani abu da ke rikita baƙo: harshen yana canja harafin farko na kalma gwargwadon abin da ya gabace ta. Cof yakan koma gof, Bangor ta koma ym Mangor, Caerdydd, wato Cardiff, ta koma yng Nghaerdydd. In kana bincike a kwamfuta ba ka sami komai ba, gwada da harafin da ya canja.

Gajerun haruffan da ke bayan suna na runduna ne. R.W.F. Royal Welsh Fusiliers ke nan, wadda ta fi ɗibar 'yan arewa. S.W.B. South Wales Borderers. Akwai Welsh Regiment, da Monmouthshire Regiment, da Welsh Guards da aka kafa a 1915. Pte. farabiti ne, Cpl. kofur, Sgt. saje. Amma alluna da yawa na capel ba sa sa muƙami sam, suna ne kawai da sunan gida, hafsa da farabiti a jere ɗaya. Wannan yana daga cikin abin da ya sa na fi son su a kan manyan duwatsun tsakiyar gari.

Yanzu ga babban tarkon. Jerin sunaye iri biyu ne, kuma a ido suna kama. Akwai allon mamata zalla. Akwai kuma Rhestr Anrhydedd, jerin girmamawa, wanda ke ɗauke da duk wanda ya tafi yaƙi daga majami'ar, da wanda ya mutu da wanda ya dawo ya tsufa ya ga jikoki. Irin na biyun galibi takarda ce da aka yi wa rubutun ado aka sa a gilashi, kuma da yawansu ana cikin yaƙin aka fara su, ana ƙara suna duk lokacin da wani ya tafi, shi ya sa za ka ga tawada ta bambanta daga sama zuwa ƙasa. Waɗanda suka mutu akan yi musu alama: ƙaramin gicciye, ko tauraro, ko baƙin layi. Wasu jerin har da mata masu jinya. Idan ka ga suna sittin a ƙaramar majami'a, kada ka ruga ka ce sittin aka kashe. Nemi alamar tukuna.

Sunan gida shi ne makulli

Wales ƙasa ce mai ƙarancin sunayen zuriya. Jones, Williams, Davies, Evans, Roberts, Thomas, Hughes, su ke nan ake ta juyawa. Har a cikin bataliya da lambobin ƙarshe na lambar soja ake bambanta su. A ƙauye kuwa da sunan gona ko gida ake kiran mutum, kamar yadda mu ma muke cewa wane na gidan wane. Saboda haka sunan gidan da ke jikin allon ya fi sunan mutumin amfani wajen bincike.

Na koyi wannan ne ta hanyar kuskure, kuma har yau yana damuna. Na uku a allon su Nain ba a sa masa kwanan wata ba. Na shiga intanet na sami mai suna iri ɗaya, runduna ɗaya, ɗan gunduma ɗaya, wanda aka kashe a Yuli 1916. Na rubuta shi a littafina da murna, na karanta wa Nain. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Tura ni bayan gini." Na tura keken a kan tsakuwa har maƙabartar majami'a. Ta nuna mini wani dutse da ganye mai yaɗo ya rufe rabinsa, ta ce in janye ganyen a hankali. Ga sunan nan a ƙarƙashin na iyayensa, da sunan gonarsu, da shekarar 1922. Ya dawo gida ne da ciwon ƙirji, ya yi shekaru yana jinya, ya rasu a kan gadonsa, kuma majami'arsa ta lissafa shi cikin waɗanda yaƙi ya ci. Ni kuwa na ɗauki mutuwar ɗan wasu na ɗora masa. Da na buga wannan a intanet, da ya bazu, wasu su kwafa daga wurina.

Tun daga nan na kafa wa kaina doka: sai shaida uku sun haɗu. Suna, da gida ko sunan iyaye, da kwanan wata ko lambar soja. In biyu ne kawai, da fensir nake rubutawa, in sa alamar tambaya. Kuma kafin in buɗe kwamfuta, sai na zagaya maƙabartar majami'ar, domin iyalai da yawa sun ƙara layi a dutsen kabarin iyaye suna ambaton ɗan da aka binne a ƙetare.

Matakin farko a intanet shi ne shafin Commonwealth War Graves Commission, hukumar da aka kafa a 1917 don kula da kaburburan yaƙi. Sa sunan zuriya da harafin farko da runduna. Za ta ba ka lambar soja, da bataliya, da ranar mutuwa, da maƙabarta ko abin tunawa da aka rubuta sunan a kai. Abin da za ka fi zuba wa ido shi ne layin ƙarin bayani, inda akan rubuta ɗan wane da wance, na gida kaza. Ka sani hukumar tana da iyaka: daga 4 ga Agusta 1914 zuwa 31 ga Agusta 1921 a yaƙin farko, daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947 a na biyu. Mutumin bayan gini da na ba da labarinsa ya faɗo waje da wannan iyaka, shi ya sa ba ya ciki.

In kana son gwada hannu kafin ka taɓa sunan da ba a sani ba, gwada da Hedd Wyn, mawaƙin Trawsfynydd, ɗan gonar Yr Ysgwrn. Da sunansa na yanka za ka neme shi, Ellis Humphrey Evans, farabiti a bataliya ta 15 ta Royal Welsh Fusiliers. An kashe shi ranar 31 ga Yuli 1917 a tudun Pilckem, yana da shekara 30, kabarinsa yana Artillery Wood a Beljiyam. A watan Satumba na shekarar aka kira sunansa a Birkenhead a matsayin wanda ya ci kujerar gasar waƙa ta ƙasa, Eisteddfod, ba wanda ya tashi, sai aka lulluɓe kujerar da baƙin ƙyalle. Bin sawunsa zai nuna maka yadda mutum ɗaya ke fitowa da suna daban-daban a takardun soja da a bakin mutanensa.

Mataki na biyu, kuma shi ne ya fi daɗi, tsofaffin jaridu. Babban laburaren ƙasa da ke Aberystwyth ya sa jaridun Wales a intanet kyauta, har zuwa na 1919, a shafin Welsh Newspapers Online. A nan ɗarikar da ka rubuta a shafin farko za ta yi maka rana: Y Goleuad ta Methodist mabiya Calvin ce, Y Tyst ta Annibynwyr, Seren Cymru ta Baptis. Ga kuma jaridun yanki irin su Yr Herald Cymraeg da Cambrian News. Kada ka bincika da sunan mutum shi kaɗai, za ka nutse. Haɗa sunan gida da sunan ƙauye. Abin da ke fitowa yakan sa in ajiye waya in yi shiru na ɗan lokaci: wasiƙar da abokinsa ya rubuto wa uwar, taron addu'ar tunawa da aka yi a majami'ar, wanda ya yi wa'azi, ajin da yake koyarwa a makarantar Lahadi, aikin da yake yi a mahaƙar dutse kafin ya tafi.

Daga nan sai ƙidayar 1911, wadda za ta nuna maka gidan da mutanen cikinsa shekara uku kafin yaƙi, har da harshen da kowa ke ji. Sai rahoton shekara na majami'ar, adroddiad blynyddol, ɗan littafi da ake bugawa da sunayen membobi da abin da kowa ya bayar. Ana samunsu a Aberystwyth da ma'adanun takardu na gundumomi, kuma fasto yakan ambaci waɗanda aka rasa a jawabinsa na shekara. Fayil ɗin soja na mutum kuwa, kada ka sa rai da yawa. Kusan biyu bisa uku na na yaƙin farko sun ƙone a 1940 lokacin da bam ɗin Jamus ya faɗa wa ma'ajiyarsu a Landan. Katin lambobin yabo ya tsira, kwafinsa yana ma'adanar ƙasa ta Kew a Landan.

Da ka saba, kwanan wata kaɗai zai riƙa gaya maka wuri. 7 zuwa 12 ga Yuli 1916 dajin Mametz ne a yankin Somme, inda runduna ta 38 ta Wales ta yi asarar mutum kusan 4,000, matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace. Yawancin waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu suna jikin abin tunawa na Thiepval a Faransa, cikin sunaye sama da 72,000. 31 ga Yuli 1917 Pilckem ne. Agusta 1915 Suvla ne a Gallipoli ta Turkiyya, inda runduna ta 53 ta sauka. 26 ga Maris 1917 Gaza ce. Ita runduna ta 53 ɗin ce ta bi ta Biyasheba zuwa Ƙudus a ƙarshen 1917, wato yaran da suka tashi a majami'u masu sunan Seion da Carmel da Jerusalem sun je sun mutu a ainihin ƙasar da sunayen suka fito. Oktoba da Nuwamba 1918 kuma ka yi hattara, da yawa annobar mura ce ta ɗauke su. A ƙauyukan bakin teku za ka sami matuƙan jiragen kasuwa da aka nutsar, sunayensu suna Tower Hill a Landan. Wasu kuma sun yi ƙaura tun kafin yaƙi, suka shiga sojan Kanada ko Ostireliya, amma majami'ar gida ba ta cire su daga 'ya'yanta ba.

Ka gwada abin da ka samu da sauran allunan yankin. Mutum ɗaya yakan fito a na majami'a, da na ƙauye, da na makaranta, da na wurin aiki. A Bangor akwai ƙofar tunawa da aka buɗe a 1923, mai sunaye kusan 8,500 na arewacin Wales, an jera su unguwa-unguwa. A Cardiff kuma akwai littafin tunawa na ƙasa a Temple of Peace, mai sunaye kusan 35,000.

Akwai abin da allon ba zai faɗa maka ba, kuma ya kamata ka shiga da saninsa. Majami'un nan sun daɗe da al'adar ƙin yaƙi, su suka haifi Henry Richard na Tregaron da ake yi wa laƙabi da manzon zaman lafiya. Da 1914 ta zo sai kansu ya rabu. Lloyd George, wanda shi ma ɗan capel ne kuma ya zama firaminista a Disamba 1916, ya yi ta kiran matasa su fito. Fasto John Williams na Brynsiencyn ya riƙa hawa mumbari da kakin soja yana zuga su, kuma har yau sunansa yana tayar da muhawara. A ɗaya ɓangaren Thomas Rees, shugaban kwalejin Bala-Bangor, ya tsaya kan ƙin yaƙin a mujallarsa Y Deyrnas, George M. Ll. Davies kuwa har gidan yari ya shiga. Daga 1916 aka fara tilasta shiga soja, don haka ba kowane suna a allon ne ya tafi da son ransa ba. Waɗanda suka ƙi tafiya saboda imaninsu a benci ɗaya suke zama da iyayen mamatan, suna fuskantar allon nan duk Lahadi. In kana rubuta tarihin allo, kada ka ƙara masa kirarin da masu shi ba su sa ba.

Sunayen yaƙi na biyu galibi a ƙasa aka ƙara su, ko a ƙaramin allo a gefe, kuma ba su kai na farko yawa ba. A nan ne na taɓa ganin kalmar Burma, gabana ya faɗi, domin kakana na wajen uwa ɗan Bama ne, wato tsohon sojan yaƙin Burma, yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da aka kai can. Royal Welsh Fusiliers ma sun yi yaƙi a Kohima, a Indiya kusa da iyakar Burma, a 1944. Shi kakana ya dawo, abokansa da yawa ba su dawo ba, kuma ban san wani bango a garinmu da aka rubuta sunayensu ba. Ita kanta hukumar kaburburan ta amsa a rahotonta na 2021 cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin farko ba a tuna da su da suna yadda aka yi wa Turawa ba. Wannan ma yana cikin abin da ke sa ba na wasa da harafi ɗaya in ina kwafe allo.

Batun tsafta gajere ne: kada ka goge. Man goge tagulla yana cin haruffa a hankali, yana cire baƙin da aka cusa a cikinsu, kuma na ga allon da ƙauna ta sa aka yi ta gogewa har layin ƙarshe ya kusa ɓacewa. Ba alli, ba sabulu, ba soso. Buroshi mai laushi don ƙura ya isa, shi ma da izini. In allon ya tsage ko ƙusoshinsa sun yi tsatsa, War Memorials Trust suna ba da shawara, kuma in ginin yana cikin waɗanda Cadw, hukumar kula da gine-ginen tarihi ta Wales, ta kare, ba a cire komai sai da izinin hukuma.

Abin da ya sa nake gaggawa shi ne majami'un suna ta rufewa. Wasu sun koma gidaje, wasu shaguna, wasu kango. Masallacin Shah Jalal da ke titin Crwys a Cardiff asalinsa capel ne. In an rufe wuri, allon yakan koma wata majami'ar ta ɗarika ɗaya, ko zauren ƙauye, ko gidan tarihi, wani kuma ya salwanta ba a san inda ya shiga ba. 'Yan uwa da ke cikin kwamitin masallaci ko coci da suka sayi tsohon gini, don Allah ku duba bango da ɗakin ƙasa da bayan kabad. In kun sami allo ko takarda a gilashi, amana ce, ku nemi ɗarikar da ta sayar muku ko ma'adanar takardu ta gunduma ku miƙa.

Da ka gama, ka duba rajistar abubuwan tunawa da yaƙi ta Imperial War Museums ka ga ko allon yana ciki. In babu, ko bayanin bai cika ba, ka aika musu hotuna da awo da kwafin rubutun. A Jami'ar Swansea ma Dokta Gethin Matthews ya jagoranci aikin tattara irin waɗannan alluna na majami'u da wuraren aiki. Amma kwafin farko na masu shi ne. Ka buga shi da manyan haruffa, domin masu karantawa tsofaffi ne, ka kai wa sakatare kafin Sul y Cofio, Lahadin tunawa, ta biyu a watan Nuwamba.

A allon su Nain na gano mutum goma. Na sha ɗayan ba a rubuta masa runduna ba, ba shekara, sai suna da ar y môr kawai, kuma gidan da aka ambata ya rushe tun kafin a haife ta. Na duba Tower Hill, masu irin sunan sun yi yawa, ba wanda shaida uku suka haɗu a kansa. Har yanzu da fensir yake a littafina. Ranar hutuna mai zuwa zan shiga motar Caernarfon in nemi rahotannin shekara na majami'ar daga 1914 zuwa 1919 a ma'adanar takardu ta Gwynedd, in ga shekarar da sunansa ya daina fitowa a jerin masu ba da gudummawa.